Hoton Hanta: Bambancin Na'urar CT da Na'urar MRI

Jawabin yau ya shafi na'urori biyu da likitoci ke aiki da su wajen gano ciwon dajin hanta, wato CT da MRI. Sau da yawa idan likita ya rubuta wa majiyyaci takardar ɗaukar hoto, dangi su kan shiga ruɗu, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, ga kuma tafiya zuwa babban asibiti. Wasu ma su kan ɗauka cewa hoton da ya fi tsada shi kaɗai ke faɗin gaskiya. Al'amarin ba haka yake ba.

Da farko dai, ba da waɗannan na'urori ake fara bincike ba. A Afirka ta Yamma babban abin da ke jawo dajin hanta shi ne ciwon hanta nau'in B wanda ya daɗe a jiki, sai gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Nau'in C da yawan shan barasa su ma suna ƙeƙasar da hanta. Da yake cutar ba ta nuna alama sai ta yi nisa, a kan shawarci wanda hantarsa ta ƙeƙashe, da kuma da yawa daga cikin masu nau'in B, su yi sikanin ciki kowane wata 6, sau da yawa tare da gwajin jini na AFP. Idan an ga tabon da ya kai santimita 1, sai a nemi CT ko MRI.

Abin da na'urorin biyu ke nema iri ɗaya ne. Hanta na samun jini ta hanya biyu: kamar kashi uku cikin huɗu daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, sauran kuma daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Shi kuwa ƙarin daji, kusan duk abincinsa daga jijiya ta biyun yake samu. Saboda haka a kan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai bayyana a hoto, a ɗauki hantar sau uku ko huɗu cikin 'yan mintoci. A ɗauka ta farko ƙarin zai yi haske fiye da naman da ke kewaye da shi, daga baya kuma ya dushe alhali sauran hantar ta haskaka. Idan aka ga wannan alama a hantar da ta riga ta ƙeƙashe, likita na iya tabbatar da cutar ba tare da an tsikaro tsoka da allura ba. Daga nan za a fahimci cewa hoton da aka ɗauka babu wannan allura, ko da wace na'ura ce, ba ya raba gardama.

Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera CT, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Tana aiki da hasken eksire, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Ta fi arha, ta fi samuwa, kuma da ita ake duba huhu a ga ko cutar ta yaɗu. Illarta ita ce hasken da ke ratsa jiki, wanda ba a so a yawaita shi, da kuma ruwan allurarta mai sinadarin aidin, wanda kan wahalar da mai raunin ƙoda.

MRI kuwa babu eksire a cikinta ko kaɗan. Maganaɗisu mai ƙarfin gaske take amfani da shi tare da igiyar rediyo. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami Nobel a kanta a 2003. Idonta ya fi kaifi a kan nama mai taushi. Ta fi gano ƙarin da bai kai santimita 2 ba, ta kuma fi iya bambanta daji da dunƙulen jijiyoyin jini marar lahani, wanda mutane da dama ke rayuwa da shi ba su ma sani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙaramin ƙari shi ake iya yankewa ko a ƙone shi, mutum ya warke.

Amma fa tana da wuyar sha'ani. Majiyyaci zai kwanta cikin matsattsen rami mai ƙara har minti 30 ko fiye, yana riƙe numfashi duk lokacin da aka umarce shi. Wanda ya galabaita, ko wanda ruwa ya taru a cikinsa, ba lalle ya iya ba, kuma da zarar ya motsa hoton ya lalace. Ga irin wannan majiyyaci, tsaftataccen hoton CT ya fi gurɓataccen hoton MRI amfani nesa ba kusa ba. Haka nan idan ƙarin ya riga ya girma, kamar yadda ya kan kasance ga wanda ya makara zuwa asibiti, CT ta wadatar. Ba hikima ba ce a shafe makonni ana tara kuɗin MRI alhali ga CT a kusa. Idan hoton farko bai fayyace ba, a lokacin ne likita zai nemi ɗaya na'urar, in ita ma ta gaza, a tsikaro tsoka a auna.

Kafin a shiga ɗakin hoto, wajibi ne majiyyaci ya gaya wa ma'aikata idan yana da ciwon ƙoda, ko an taɓa yi masa irin wannan allura jikinsa ya ƙi ta. Mace mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara. Wanda ke da ƙarfe a jiki, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido irin wanda maƙera da masu walda kan samu, kada ya kusanci MRI sai an bincika. Bayan an gama, ya karɓi hoton kansa tare da rahoton likita ya adana, domin da shi za a gwada hoto na gaba a san ko ƙarin ya ƙaru.