Gansakuka: Daga Akwatin Gilashi Zuwa Kududdufi



Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka nan ba ya yin kore banza. Jawabinmu na yau a kan gansakuka ne, kuma za mu faro shi daga akwatin gilashin nan da ake kiwon kifin ado da tsirrai a cikinsa.

Abu uku tsiron ruwa yake bukata, wato haske da taki da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Tun ƙarni na 19 masanin Jamus Justus von Liebig ya yaɗa ƙa'idar cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka. Saboda haka idan haske da taki suka yi yawa, alhali kabon ya gaza, sai tsiro ya tsaya cik, gansakuka ta cinye ragowar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya fusata ya daina sa taki ɗungum, tsironsa ya kashe da yunwa. Abin da gwanaye ke yi shi ne awo: fitila kamar awa 8 a yini, taki kaɗan-kaɗan, kabon daidai yadda ba zai shaƙe kifi ba, sa'an nan a sauya wani kashi na ruwan kowane mako.

Wannan awo bai tsaya ga gilashi ba. A 1973 David Schindler ya raba wani tafki biyu da labule a ƙasar Kanada. Ya zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, amma ɗaya kaɗai ya ƙara wa fosfaras. Wannan ɓangaren ne ya rikiɗe ya zama kore shar.

Yanzu mu dawo gida Katsina. Da ƙasa aka gina hasumiyar Gobarau da tsofaffin gidajen da ke kewaye da ita, ramukan da kakanninmu suka haƙa don gini kuwa su ne suka zama kududdufai. Cikinsu kwatamanmu ke zuba ruwan wanki da kashin dabbobi, dukkansu ɗauke da fosfaras. Haka kuma damina kan wanke takin zamani daga gonaki zuwa madatsun ruwa irin su Ajiwa, wadda birnin nan ke sha daga gare ta. In gansakuka ta yi yawa, da dare takan zuƙe iskar da kifi ke shaƙa, wani irinta ma yana da dafin da ke kashe dabba.

Mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin gona da na ruwa. Ya wajaba mu koya wa manomi sa taki gwargwadon bukatar shuka, mu kuma tare ƙazanta tun kafin ta isa ruwa, domin kwashe gansakuka da kwando aikin baban giwa ne.