Masana'antar motoci ta Kaduna: yadda ta tashi, da abin da ya kada ta



Yau zancenmu a kan mota yake. Duk dattijon da ya taɓa cin kasuwar Barmu ko ta Tabalak ya san Peugeot, wadda muke ce ma Fijo. Ya san 404 mai tanti a baya, mai ɗaukar buhunan hatsi da awaki da mutane gaba ɗaya. Ya san 504 da ke jigila tsakanin Tawa da Ƙonni. To, ina ake yin su?

Uwar gidan Peugeot tana ƙasar Faransa. Babbar masana'antarta tana wani gari da ake kira Sosho, inda anka fara aiki a 1912. A 1960 anka hito da 404, a 1968 kuma 504. Motocin ga suna da ƙarhi, suna jure ma rairayi da ramu, shi ya sa Afirka ta so su.

Lokacin da kuɗin man fetur sunka shigo Najeriya, gwamnatin ƙasar ta ce ita ma tana son masana'anta. Ta yi yarjejeniya da Peugeot, anka kafa kamfani a 1972. Anka gina masana'antar a unguwar Kakuri, cikin garin Kaduna. Ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon.

Ku saurara da kyau, ga inda maganar take. A Kaduna ba a ƙera mota tun daga tushe. Harhaɗa ta ake yi. Inji da giya da sassan jiki, daga Faransa suke zuwa cikin akwatuna. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, jirgi yana yin watanni yana jira. Sai anka koma ɗauko kayan da jirgin sama, daga garin Liyon zuwa Kano. Daga Kano manyan motoci su kai su Kaduna.

Cikin masana'antar, aikin hawa-hawa ne. Da farko masu walda su haɗa ƙarahunan jiki, har siffar mota ta hito. Sannan a wanke ta, a sa mata maganin tsatsa, a fesa fenti, a gasa ta da zahi don fentin ya kama. Daga nan sai ta hau layi, tana tahiya sannu a hankali. Ma'aikata suna tsaye dama da hagu, kowa da aikinsa guda. Wani inji yake ɗorawa, wani waya, wani gilashi, wani taya. A ƙarshen layi a zuba mai, a tada ta, a gwada birki da hitila. In ta yi daidai, a hitar da ita. In mutum guda ya yi sakaci, layin duka ya tsaya, kamar aikin gayya ne.

Shekarun farko kasuwa ta yi kyau. Gwamnatin Najeriya tana saye ma ma'aikatanta, ƴan kasuwa suna saye, dubban mutane suna cin abinci a wurin.

Amma kuɗin man fetur sunka faɗi. A 1986, zamanin Janar Babangida, anka karya darajar naira. Kayan da ake sayowa Faransa sunka yi tsada ƙwarai, sabuwar mota ta hi ƙarhin ma'aikaci. Mutane sunka koma ga tsohin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano. Da yawa cikinsu ta ƙasarmu sunka ratsa kahin su shiga Najeriya. Aiki ya ragu a Kakuri, anka sallami ma'aikata. A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta ga ƴan kasuwa. A 2012 bashi ya sa hukumar karɓar basussuka ta riƙe kamfanin. A 2022 wani sabon kamfani, wanda Aliko Ɗangote ke ciki, ya fara harhaɗa Peugeot a wata sabuwar masana'anta kusa da Kaduna.

Mine ne darasinmu? Hausawa sun ce, kayan aro ba ya rufe katara. Masana'antar da injinta ke zuwa daga wata ƙasa, ranta yana hannun farashin kuɗin waje. Ku duba masana'antar siminti ta Malbaza, nan jaharmu. Dutsen da take ƙonawa daga ƙarƙashin ƙasarmu ake haƙo shi.

Saboda haka, in kun ji an ce za a kawo masana'anta garinmu, ku yi tambaya uku. Kayan aikinta daga ina za su hito? Wa zai sayi abin da ta yi? Ɗiyanmu mi za su koya a ciki, wanda zai zauna hannunsu ko da ta rufe?

Allah ya ba mu damina mai albarka.