Ka Karɓi Magani, Ka Ji Bayani?

 

Yau zancenmu a kan farmasi yake, wato ɗakin sayar da magani. Kun san yadda ake yi. Mutum ya tafi gidan likita, an duba shi, an rubuta mashi takarda, wadda muke ce ma ordonansi. Ya kai ta farmasi, ya biya kuɗi, an miƙa mashi kwali, ya kama hanya. Tsayuwar nan 'yar kaɗan ce, amma a nan ne ake gyara aikin ko a ɓata shi. Maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko dai ya ƙi aiki, ko ya cuta ma mutum. To, me ke hana mai farmasi da maras lafiya su gane ma juna? Za mu kawo muku abubuwa biyar.

Na farko shi ne harshe. Ordonansi da Faransanci ake rubuta ta. Takardar da ke cikin kwali ita ma Faransanci ce, in kuwa daga Nijeriya maganin ya shigo, Ingilishi ne. A shekarar 2025 an ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma kwalayen magani ba su canza ba. Ga kuma makiyayin da ya zo Tahoua ko Zinder, Hausarsa ta ciniki ce kawai. Ko tsakanin Hausawa ma akwai ruɗu. In ka ce "sanyi" ke damunka, wane sanyi? Na ƙashi, ko na mura, ko na mara? Sai ka nuna wurin, ka faɗi ranar da ya soma. Haka zancen cokali. Cokalin shayi mililita 5 ne, cokalin miya mililita 15. In uwa ta ba yaro siro da babban cokali maimakon ƙarami, ta ninka mashi magani har uku. Ki yi aiki da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, a nuna maki iyakar layin. Akwai kuma ƙwayar da ba a haɗiya, sai an narkar da ita cikin ruwa, akwai wadda ta dubura ake sa ta.

Na biyu ita ce kunya. Farmasi wurin taro ne, mutane na tsaye bayanka suna ji. Mace mai ƙaramin ciki ba ta son faɗi, alhali akwai magunguna kamar tetarasikilin da ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Wani yana shan jiƙo ko sassaƙe a gida, ya ɓoye don kada a yi mashi faɗa. Wani ya riga ya sha ƙwayoyi a hanya. Ku lura da wannan: Doliprane da Efferalgan da Panadol duk abu guda ne, farasetamol. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a kwana guda, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda ya haɗa su yana zaton magani uku ne daban, hantarsa yake ɓatawa. In kunya ta hana ka magana a gaban jama'a, ka ce a keɓe da kai gefe. Sirrin maras lafiya amana ce a wuyan mai farmasi.

Na uku shi ne aike. Maigida na gona, uwargida na ɗaki, sai a ba yaro takarda da kuɗi. Mai farmasi ya yi bayani, yaro ya biya wurin wasa, kafin ya kai gida rabin zancen ya zube. In an tambaye shi nauyin jaririn ko shekarunsa, bai sani ba, ga shi kuwa maganin yara da nauyi ake auna shi. Zuwa da kai ya fi aike. Wanda zai ba da maganin da hannunsa, shi ya kamata ya ji bayanin da kunnensa.

Na huɗu ita ce gaggawa. Layi ya yi tsawo, mai farmasi ya ja zane uku a kan kwali, ya ce "sau uku". Kai kuma ka ce "to", don kada a ce ba ka waye ba. Sau uku a rana yana nufin bayan kowace awa 8, ba wai ka tara su ka sha gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu ke yi da azumi. Mai azumi ya faɗa tun a wurin, a ba shi shawara. Mu ɗauki misalin Coartem, maganin masassarar sauro. Babban mutum na shan ƙwaya 4 sau biyu a rana, kwana 3, jimla 24. Ranar farko, awa 8 ake bari tsakanin sha na ɗaya da na biyu. Yana kuma son abinci mai maiƙo, kamar fura da nono ko kunun gyaɗa. Da yawa in jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai su ajiye sauran, ciwo ya dawo. Gaggawa kan hana a gaya maka abin da za ka gani. Maganin ƙarin jini na sa bayan gida ya yi baƙi. Cikin magungunan tarin fuka akwai mai sa fitsari ya yi ja. Wanda ba a gaya ma ba sai ya tsorata ya daina, alhali maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi.

Na biyar shi ne kuɗi. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada ƙwarai. Har gobe akwai mai jin farashi ya yi shiru, ya sayi rabi, ko ya fita ya nufi mai talla a tasha, wanda kayansa suka wuni cikin rana. Rashin kuɗi ba abin kunya ba ne. Ka ce: "Malam, ga abin da ke hannuna." Akwai maganin da ake kira jenerik, sinadarinsa ɗaya da na mai babban suna, kuɗinsa kuwa da sauƙi. Mai farmasi ya san shi, ya kuma san wanda ya fi zama tilas cikin takardar.

Saboda haka, kafin ka juya, ka yi tambayoyin nan. Maganin me ne? Guda nawa, kuma ƙarfe nawa? Kafin abinci ko bayan abinci? Har kwana nawa? Me zan gani in koma gidan likita? In an ba ka amsa, ka maimaita ta da bakinka, mai farmasi ya ji ko ka riƙe daidai. Matambayi ba ya ɓata.

Ku da kuka iya karatu, ga inda iliminku zai yi rana. Ku rubuta bayanin da Hausa a jikin kwalin. Ku duba wata da shekarar da maganin zai lalace. Ku karanta ma maƙwabtanku.

Ku kuma masu farmasi, muna roƙonku haƙuri. "To" ɗin da kuke ji sau da yawa ladabi ne, ba ganewa ba. Ku yi magana da harshen da mutum ke ji, ku zana rana da wata ga wanda bai iya karatu ba, ku sa shi ya maimaita.

Malaman yaƙi da jahilci, ku sa kowane ɗalibi ya zo da kwalin magani daga gida, ku karanta tare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.