Sana'ar da Ba Ta Bi Masu Ita Kabari Ba

  

Yau da tambaya zan fara. Uwargida, a unguwarku sana'a nawa kika sani wadda ta mutu ranar da mai ita ta rasu? A layinmu, ina yarinya, akwai wata tsohuwa mai daddawa, Allah ya jiƙanta. Daga unguwanni masu nisa ake aiko yara saye. Amma ko 'yar da ta haifa ba ta yarda ta ga yadda take haɗin ba, sai ta kora kowa ta saki labule. Da ta rasu aka raba tukwane da ƙore, daddawar kuwa ta bi ta. Har yau ba a sake jin irin ƙamshin nan a layin ba.

To, labarin da na zo muku da shi na wasu mata ne da suka bi wata hanya daban. A Indiya abin ya faru. Na san da na ce Indiya wasu sun gyara zama, sun ɗauka labarin fim ne. A'a, wannan babu rawa babu waƙa.

A watan Maris na 1959, a birnin Bombay wanda yanzu ake kira Mumbai, wasu matan aure su 7 suka ranto rufi 80 daga wani dattijo mai taimakon jama'a, Chhaganlal Parekh. Cikinsu akwai wata mai suna Jaswantiben Popat. Abin da suka iya shi ne wani abinci da ake kira fafad. Garin wani irin wake ake kwaɓawa da gishiri da kayan yaji, a murza shi fale-fale kamar takarda, a shanya ya bushe, in za a ci a soya ko a gasa. Kusan kowace mace a wajensu ta iya, kamar yadda kowa a nan ta san ƙosai. Suka hau rufin benensu suka murza, ranar farko ƙunshi 4 kacal suka samu, suka kai wa wani mai kanti.

Kin ga dai ba wani sabon abinci suka ƙago ba. Sabon abin yana wajen tsarin, kuma matsala ce ta riƙa koya musu shi.

Da farko kala biyu suke yi, mai kyau da na baya mai araha. Dattijon nan ya ce su bari, su yi kala ɗaya tak, su kuma riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A nan ina so mu ɗan tsaya, domin ciwonmu ne. Mace za ta fara ƙuli-ƙuli mai daɗi, ciniki ya buɗe, gyaɗa ta yi tsada, sai a fara ƙara gari, ko a rage girman curi a ɓoye. Mai saye ba ya magana, ƙafa kawai yake ɗaukewa. Sai a ce ai hannu aka sa mata, ko maƙwabciya ce ta yi mata asiri. Yaya, wani lokacin babu asirin kowa, garin da kika ƙara ne.

Sai damina ta zo. A shekarar farko wata 4 suka yi ba aiki, don ba ranar shanya. Da shekara ta zagayo ba su zauna jiran rana ba, suka sayi gadon igiya da murhu, suka shimfiɗa fafad a kan gadon, murhun a ƙarƙashi, zafi yana busar da shi.

Babbar dabarar kuwa a shekara ta uku ta zo, lokacin da matan suka haura 300, rufin bene ya kasa ɗaukarsu. Wani da sai ya ce a nemi bashi a gina masana'anta a sayo inji. Su kuwa suka ce a kwaɓa garin wuri ɗaya, da awo ɗaya, kowace mace ta karɓi rabonta ta tafi gida ta murza ta shanya, tana duba girkinta da 'ya'yanta. Kashegari ta kawo, a auna, a duba, a biya ta ladan murjinta, ta karɓi sabon kwaɓi. Da yake hannu ɗaya ya yi haɗin, ɗanɗanon ɗaya ne ko daga gidan wa ya fito. A 1962 suka raɗa wa kayan suna Lijjat, wato mai daɗi a harshensu na Gujarati. Murjin kuma suka bar shi na hannu da gangan, don kada inji ya raba mata da abincinsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda matan nan 7 ba su ce mu ne masu kamfani, saura 'yan aikinmu ba. Duk wadda ta shigo tana murji, ita ma mai shi ce, riba da asara da ita. 'Yar'uwa suke kiran juna. Maza sukan yi musu aikin albashi, kamar tuƙi da lissafi, amma ba su da kaso. Kwamitin mata 21 ke jan ragama, daga cikin masu murjin ake zaɓensu. Sun kuma yi alkawari tun farko ba za su karɓi kyauta ko sadaka ba ko da sun faɗi. Ku ji fa, mu da muke shekara muna jiran a zo a rubuta sunanmu a tallafi.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin akwai wahala, zama ne na sa'o'i ana murji, kuma ba ya mai da mace attajira. Amma kuɗi ne na kullum, na guminta. Zuwa 2021 matan sun kai kimanin 45,000, kayansu na zuwa har Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa. A shekarar ce gwamnatin Indiya ta ba Jaswantiben lambar girma ta Padma Shri. Ta rasu a 2023 tana da shekara sama da 90, kashegari kuma aka kwaɓa gari aka raba kamar kullum.

Na san abin da ke ranki. Kina cewa su ai suna fita da asuba su karɓo kwaɓi, ni kuwa ina cikin kulle. Gaskiyarki. To amma dubi adashe. Shekara nawa muna yinsa ba tare da mun taka ƙofar gida ba? Yaro ke kai zubi, uwar adashe ta riƙe amana, kowa ta kwashi nata. Hanyar da kuɗin adashe ke bi, kwaɓin taliya ma zai iya bi, haka garin yaji, haka haɗin turaren wuta. Ga waya kuma a hannu. Abin da ake bukata shi ne yardar maigida, da mace ɗaya da ta fi kowa iya haɗin, wadda za ta daure ta buɗe sirrinta ga mata huɗu ko biyar. Wannan daurewar ita ce mai wuya, na sani, musamman in da kishiya ko facala a ciki.

Akwai kuma maganar 'ya'yanmu mata. Muddin kowace tana yin nata ɗan kaɗan, kala daban, girma daban, mai kanti ba zai karɓa ba, dole sai an ɗora wa yarinya tire ta yini a tasha, wani lokacin har bayan isha'i. Kun san abin da ke faruwa a can, ba sai na faɗa a rediyo ba. Amma in kayan gida biyar suka zama kala ɗaya, awo ɗaya, a ƙulle cikin leda mai tsabta, mai kanti zai iya ɗauka a sari, yarinya ta tafi makarantarta.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan littafin nan na shiga da fita, yadda ake raba uwar kuɗi da riba. Ki tanadi littafi da biro. In ba ki yi boko ba ajami ya isa, in kuma babu, ki ajiye ɗanki ɗan makaranta kusa da rediyo. A gaida maigida. Wassalamu alaikum.