Amsa Ga Direban Zabi: Lasifika Da Fis Tukuna, Amfilifaya Daga Baya

Saƙon da za mu fi daɗewa a kansa yau ya fito ne daga Zabi, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, daga wani direban motar haya da ke lodi a Kwangila yana kai fasinja Kano. Ya ce motarsa tsohuwar Golf ce 'yar Kwatano, sautin rediyonta ya lalace, in ya ƙara murya sai gurnani da karkarwa, ko labarai ba ya ji sosai balle karatu ko waƙa. Ya tara 'yan kuɗi kaɗan, abokan aikinsa kuma sun ba shi shawarar ya sayi amfilifaya mai wat 2000 da babban akwatin sauti ya girke a but. To shi ne yake tambaya, shin kuɗin nasa za su isa, kuma babu wata illa ga motar?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ba kai kaɗai take damu ba. Amsar a taƙaice ita ce, kada ka fara da amfilifaya. A cikin kayan sautin mota ita ce ta fi cin kuɗi, ita ce ta fi cin wuta, ita ce kuma in aka yi kuskuren haɗa ta take iya jawo gobara. Akwai abubuwa uku da ke gabanta, watau lasifika, da waya, da shi kansa rediyon. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amma kafin nan, bari mu warware maganar wat 2000 ɗin nan, don ita ce ke ruɗin mutane a kasuwa. Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wani lokaci da haruffan PMPO a gefenta, lambar talla ce. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a kusa da ita, watau ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa tana ta aiki ba tare da ta shaƙe ba. In ba ka ga RMS ba, akwai wata dabara mai sauƙi: juya bayan na'urar ka dubi fis ɗinta. Wutar mota idan inji na aiki wajen bolt 14 ce. Ka ninka lambar fis ɗin sau 14, abin da ya ba ka shi ne iyakar wutar da za ta iya shiga na'urar gaba ɗaya. Rediyon mota yawanci fis ɗinsa amfiya 10 ne, ka ga 140 ke nan. Amfilifayar da ke da fis na amfiya 20 kuwa, 280 ce iyakarta, kuma ba duka ne ke zama sauti ba, wani kaso zafi yake zama. To ina wat 2000 za ta fito? Ko rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace lasifika a zahiri bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Sai dai fa wannan ɗin ma ya isa ya cika cikin Golf da sauti, muddin lasifikokin lafiyayyu ne.

Wannan ya kawo mu ga abu na farko, lasifika. Gurnanin da ka ce kana ji, mafi yawan lokuta daga nan yake. Fuskar lasifikar da mota ke zuwa da ita takarda ce, gefenta kuma soso ne ko 'yar roba. Ka duba shekarun motar, ka haɗa da zafin watan Maris da Afrilu na Zariya idan ta wuni a rana gilashi a rufe, da ƙurar hunturu, da ruwan damina da ke bin gilashi yana shiga cikin ƙofa. Dole gefen nan ya ruɓe ya yage. Saboda haka ka sa a kwance murfin ka gani da idonka. In ka ga yagewa, ko ka danna fuskar a hankali da yatsu ka ji tana gogar wani abu a ciki, ta gama aiki.

Wajen sayen sabuwa, ka tafi da tsohuwar a hannu saboda awo. Akwai mai faɗin santimita 10, da 13, da 16 da rabi, akwai kuma mai siffar ƙwai ta bayan mota. Ka dubi bayanta ka tabbata an rubuta om 4, don shi ne awon da aka yi rediyon mota dominsa. Lasifikar gida yawanci om 6 ce ko 8, in ka sa ta a mota za ta yi magana amma ƙasa-ƙasa. Sannan akwai wata lamba da mutane ba sa kula da ita, wadda ke nuna kaifin lasifika, za ka ga an rubuta 88 dB ko 91 dB. Bambancin 3 da ke tsakaninsu daidai yake da a ce ka ninka ƙarfin rediyonka sau biyu. Watau mai 91 za ta ba ka, a kyauta, abin da mai 88 ba za ta bayar ba sai an ninka mata wuta. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, nan ya kamata ya sa ido. Kuma ka fara da na gaba, inda kake zaune, ba na baya ba.

In kuwa ta hannu za ka saya, irin wadda ake cirowa daga motocin da aka kwance, babu laifi, sau da yawa ma ta fi sabuwa mai arha inganci. Amma kada ka biya sai an jona ta ka ji da kunnenka, kuma a sa muryar mai magana, ba kiɗa mai ganga kaɗai ba, domin murya ce ke tona asirin lasifikar da ta fara lalacewa.

Wajen ɗaurawa akwai abu biyu da ba su cin ko kwabo. Na ɗaya, a ɗaure ta tamau, a yanko tsohuwar robar tub a sa tsakaninta da ƙarfen ƙofa don kada iska ta riƙa zurarewa ta gefe, a kuma ɗaure duk wani abin da ke karkarwa a ƙofar. Na biyu, kada a juya wayoyinta. Kowace lasifika tana da ƙafa mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. In aka juya ta hagu aka bar ta dama daidai, ɗaya na turo iska ɗaya na janyewa, sai kaurin sautin ya ɓace, mutum ya ɗauka wufa yake bukata. In alamar ta goge, a ɗauko batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi a ɗan taɓa ƙafafun da shi. Idan fuskar ta turo waje, to ƙafar da ke jikin kan batirin ita ce ta tarawa. Amma ban da 'yar ƙaramar lasifikar nan mai siririyar murya, ita ba a yi mata wannan gwaji.

Abu na biyu shi ne waya, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne da kyau, don nan ne hatsarin yake. A yawancin rediyoyin da ake sayarwa, rawayar waya ita ke zuwa wutar batir kai tsaye don riƙe tashoshin da ka adana, ja tana bin makulli, baƙa kuwa a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. Wasu masu wayarin, don gaggawa, sukan murɗe ja da rawaya wuri guda su kai batir. Sakamakon haka rediyo ba ya mutuwa da makulli, in aka manta shi a kunne ko yana ɗan jan wuta a ɓoye, da asuba sai turi. Haka nan kada a yarda a ɗaure wayar lasifika a jikin ƙarfen mota kamar yadda ake yi wa rediyoyin da, na yanzu kowace lasifika wayoyinta biyu ne nata na kanta, in aka haɗa ɗaya da jikin mota rediyon na iya ƙonewa. Kada kuma a jera lasifika biyu a kan waya ɗaya, domin om 4 biyu in aka gwama su sun koma om 2, rediyon ya yi ta zafi har ya mutu.

Sai babbar magana. Duk wayar da aka jawo daga batir, dole a sa mata fis a kusa da batirin, kada nisan ya wuce kamu ɗaya. Dalili kuwa, wayar nan tana ratsa ƙarfe ta shiga cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet. Da girgizar hanya, wata rana ƙarfen zai cinye robar jikinta. In babu fis, batir zai juye ɗaruruwan amfiya cikin wayar, ta yi ja wur cikin 'yan daƙiƙoƙi, ga kafet, ga soson kujera, ga tiyon mai. In akwai fis kuwa, shi kaɗai zai tsinke, a sayi wani. Wanda fis ɗinsa ya tsinke ya naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ya sani cire mai gadi ya yi ya bar ƙofa a buɗe. Inda wayar za ta ratsa ƙarfe kuma a sa mata zoben roba. Ita ma wayar a kula, akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka kankare ta da reza, in cikinta ya fito fari to ta alminiyam ce, kuma wutar da take iya ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya da ita ba. Araha dai ba ta ado.

Abu na uku, rediyon kansa. In naka yana kama tasha lafiya, matsalar kawai ba ya karɓar memori ko wayar hannu, ba sai ka canza shi ba. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, tana karɓar sauti daga waya ta Bluetooth ta aika wa rediyon ta zangon FM. In kuwa canzawa za ka yi, ramin rediyo awonsa ɗaya ne a yawancin motocin Turai, faɗi santimita 18, tsayi 5, saboda haka ba sai an fasa gaban mota ba. Mai allo irin na wayar hannu kuɗin allon kake biya, ba na sauti ba, ga shi yana ɗauke idon direba daga hanya. In na hannu ne, ka tambayi ƙasar da aka yi shi dominta. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don kasuwar Japan zangon FM ɗinsu daga 76 ne zuwa 90, alhali namu daga 87.5 ne zuwa 108, ka ga tashar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a kan 101.1 ba za ta shigo ba. Na Amurka kuma a matsakaicin zango da goma-goma yake tsallake, mu kuwa da tara-tara, saboda haka lamba irin 594 da aka daɗe da sanin Rediyon Najeriya Kaduna da ita, zai tsaya a 590 ko 600 ne, ba zai hau kanta daidai ba.

To yaya za ka raba kuɗin? Shawarata, kasa su kashi goma. Huɗu ga lasifikokin gaba, uku ga rediyo in har akwai bukata, ɗaya ga waya mai kyau da fis, ɗaya ladan mai wayarin wanda ya san aikinsa, ɗaya kuma ka bar shi a aljihu. Ka yi wata guda kana saurare. In har yanzu ranka na son amfilifaya, sai ka sa a auna cajin motar tukuna. Injin cajin ƙananan motoci da yawa amfiya 60 zuwa 90 yake bayarwa, daga ciki fitilu da fanka da shi kansa injin ke ci. Amfilifaya mai wat 300 na gaskiya tana iya jan wajen amfiya 40 in an ƙure ta. In ka ga fitilar mota na lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, to batirinka ne ke biyan bashi, kuma kai ka fi ni sanin kuɗin batir a yau. Ban da haka, akwatin da za ka sa a but wurin kayan fasinja zai cinye, kai kuwa da wurin nan kake cin abinci.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya zama dole in faɗa, shi ne kunnenka. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙarar da ta kai 85 dB, awa takwas ce iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, in ta kai 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai da na'urar awo ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kujerar gaba ya ji ka, to ka kai iyakar. Direban da ke zuwa Kano ya dawo sau biyu a rana, ga ƙarar inji ga ta iska, mai yiwuwa ya riga ya ci rabonsa tun kafin ya kunna rediyo. Jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Sannan wanda zai ratsa Kwangila tsakanin tireloli da 'yan acaba da masu Keke, yana bukatar ya ji hon ta kowane gefe, ya kuma ji in wani abu ya fara ƙara a ƙarƙashin motarsa. Lasifika mai kyau amfaninta ke nan, kana jin kowace kalma tar ba tare da ka ƙure murya ba.

Sai wata 'yar gajeruwar tambaya daga wata malamar makaranta a Samaru, wadda ta ce tun da aka sa mata sabon rediyo take jin wani siririn kuka yana tashi yana sauka tare da totur. To Malama, wannan kukan injin caji ne ke shiga sautin. A mayar da motar wurin wanda ya yi aikin, ya kankare fentin inda ya ɗaure baƙar waya har ƙarfe ya fito fes, ya gajarta ta, ya ɗaure da noti, ya kuma raba wayar sauti da wayar wuta kada su bi hanya ɗaya. Yawanci da haka kukan yake ɗaukewa.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Sauran saƙonnin da ba mu samu karantawa ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Direbanmu na Zabi, a gaida mutanen tasha, Allah ya tsare hanya. Ku huta lafiya.