Matasanmu Bayan Tashin Hankali

Mai girma Hakimi, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa mazauna birane.

Kowa ya san abin da ya sami yankin Faruruwa a shekarar 2025, da 'yan bindiga suka ƙetaro ta iyakar Katsina, suka kore shanu, suka tafi da mutane. Soja na iya korar ɓarawo, amma ba zai cire ƙullaci daga zuciyar yaron da ya gani da idonsa ba.

Bayan yaƙin basasa, Janar Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin matasa su san juna. Mu ma mun gaji namu: aikin gayya, sarkin samari, da koyon sana'a gun maigida.

A shekarun da na yi riƙe da alli, na lura ɗan manomi da ɗan makiyayin da suka zauna tabarma ɗaya, da wuya su ɗaga wa juna sanda. Roƙona, kowannenku ya ɗauki nauyin yaro guda ya koyi ɗinki, kafinta ko walda. Mu kuma buɗe ajin yamma a kowace mazaɓa, kada a ware ɗan ruga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya zaunar da Shanono lafiya, amin.