Dokar Jarrabawa A Makarantun Amurka: Wa Ya Ci, Wa Ya Faɗi?

Ran 1 ga watan Afrilu, 2015, wata kotu a birnin Atlanta na Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka ta sami mutum 11 da laifi, nan take kuma aka sa wa goma daga cikinsu ankwa aka wuce da su gidan waƙafi. Dukansu ma'aikatan ilmi ne, watau malaman aji, da masu kula da jarrabawa, da manyan jami'an ofishin ilmi na birnin. Laifinsu shi ne sun haɗa baki sun gyara amsoshin 'yan makaranta a takardun jarrabawa, don a ce yaran sun ci alhali kuwa ba su ci ba. Mai sauraro zai so ya ji abin da ya kai malamai ga wannan hali, kuma ba za a fahimci wannan ba sai an koma ga wata doka da aka kafa shekara goma sha uku kafin ranar.

A Amurka sha'anin makarantun gwamnati yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Abin da Gwamnatin Tarayya take bayarwa bai wuce wajen kashi goma cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa ba. Ta fara sa hannu sosai a shekarar 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa a wani ƙaramin gari na Jihar Teksas. Dokarsa ta ware kuɗi musamman don makarantun da 'ya'yan matalauta suka yi yawa a cikinsu. Shekaru suka yi ta wucewa ana zuba kuɗi, amma 'ya'yan talakawa da na baƙar fata suna nan a baya, har mutane suka fara tambaya ko wa zai ba da bayanin inda kuɗin yake tafiya.

Amsar da aka bayar ita ce dokar da Shugaba George Bush ƙarami ya sa wa hannu ran 8 ga watan Janairu, 2002, wadda aka raɗa wa suna "Kada A Bar Yaro Ko Ɗaya A Baya". Manyan jam'iyyun ƙasar guda biyu duk sun goyi bayanta. A Majalisar Dattawa mutum 87 suka amince, 10 kaɗai suka ƙi. Dokar ta ce duk jihar da take son kuɗin tarayya, tilas ta riƙa jarraba kowane yaro a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sa'an nan sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma yanke cewa kafin ƙarshen shekarar karatu ta 2014, kowane yaro, ba tare da togiya ba, ya kai matsayin da jiharsa ta ƙayyade.

Ga makarantar da ta kasa kuwa, an jera mata horo hawa-hawa. In ta yi shekara biyu a jere ba ta cika mizani ba, iyaye suna da ikon ɗauke 'ya'yansu su kai wata. A shekara ta uku sai a biya wa yaran kuɗin darasin bayan tashi daga cikin rabon makarantar. In abin ya ci gaba, ana iya sauya malamai, ko a tuɓe hedimasta, ko a miƙa makarantar ga wasu su gudanar da ita.

Wajibi ne a faɗi alherin da dokar ta kawo. A da, makaranta tana iya nuna jimlar sakamakonta, hazaƙar 'ya'yan masu hali ta rufe gazawar sauran. Sabuwar dokar ta tilasta a bayyana sakamakon kowane rukuni dabam: 'ya'yan talakawa, da baƙar fata, da naƙasassu, da yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. A rukunin nan na ƙarshe ne 'ya'yan baƙi da yawa suke faɗawa, har da na Hausawa mazauna unguwar Bronx ta birnin New York da sauran birane. Yaron da a da ake ajiyewa a kujerar baya a manta da shi, yanzu faɗuwarsa tana iya jawo wa makaranta duka horo, saboda haka dole a kula da shi. Masu bincike sun kuma tabbatar da cewa an sami ci gaba a lissafi a ƙananan azuzuwa, ko da yake a fannin karatu ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba.

Amma fa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da yake karatu da lissafi ne ake auna makaranta da su, sai aka shiga rage lokacin sauran darussa. Wani bincike na shekarar 2007 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na hukumomin makarantu sun rage lokacin tarihi, ko kimiyya, ko zane da kiɗa, ko wasannin motsa jiki, wani wuri har da lokacin hutun tara. Makonni kafin jarrabawa, aji yakan koma wurin bitar tsofaffin tambayoyi. Har wa yau, tun da abin da ake ƙirgawa shi ne yawan waɗanda suka haye makin ci, sai malamai suka lura cewa ribar tana ga yaran da suka rage kaɗan su haye. Su ake tsarewa da darasi, a bar haziƙi da kansa tun da zai ci, a bar na can ƙasa tun da ba a sa ran zai kai.

Jihohi ma sun sami tasu dabarar, domin dokar ta bar wa kowace jiha ta tsara jarrabawarta, ta kuma yanka makin cinta. A shekarar 2005 Jihar Tenesi ta ba da sanarwar cewa kashi 87 cikin ɗari na 'yan aji takwas sun ƙware a lissafi, amma jarrabawar ƙasa baki ɗaya ta sami kashi 21 kacal. Duk da irin wannan sassauci, a shekarar 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar sun kasa cika mizani.

Gwamnatin Shugaba Barack Obama ta ƙara matso da abin kusa da malamin aji. A shekarar 2009 ta ware dala miliyan 4,350 don jihohi su yi takara a kai, kuma cikin abubuwan da ake dubawa har da auna aikin malami da makin ɗalibansa. Daga nan ƙarin girma da ladan aiki, wani lokaci har zaman mutum a bakin aikinsa, suka rataya a kan jarrabawar 'yan kwanaki. A Jihar Fulorida wasu malamai sun kai ƙara kotu a 2013, saboda an auna su da makin yaran da ba su taɓa koyarwa ba, ko a darussan da ba nasu ba.

A cikin irin wannan yanayi ne abin Atlanta ya faru. Shugabar makarantun birnin, Dokta Beverly Hall, ta kafa wa makarantu nata mizanin wanda ya fi na tarayya tsanani, da lada ga wanda ya cika, da barazanar kora ga wanda ya kasa. Maki ya yi ta hawa, har a 2009 aka zaɓe ta gwarzuwar shugabannin makarantu ta ƙasa. Sai wata jaridar birnin ta nuna cewa hawan ya wuce hankali. Da aka bincika takardun jarrabawar 2009, aka ga wuraren da aka goge amsar kuskure aka sa ta daidai sun yi yawan da ba zai yiwu a ce yara ne suka yi ba. Rahoton da gwamnatin jihar ta fitar a watan Yuli, 2011, ya ambaci ma'aikata 178 a makarantu 44, cikinsu har da hedimastoci 38, ya kuma ce tsoro da razanarwa ne suka mamaye ma'aikatar. Dokta Hall ta musanta laifin, ta kuwa rasu a watan Maris, 2015, ba a kai ga yi mata shari'a ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa yara ne suka biya. Galibinsu baƙar fata ne 'ya'yan talakawa, watau ainihin waɗanda aka kafa dokar dominsu. Yaron da bai iya karatu ba, takarda ta ce ya iya, sai aka hana shi taimakon da ya cancanta, aka tura shi aji na gaba, iyayensa suna murna.

Iyaye ma sun gaji. A 2015 wajen kashi ɗaya cikin biyar na ɗaliban Jihar New York da ya kamata su zauna jarrabawar jiha sun ƙi zama, da yardar iyayensu. Ran 10 ga watan Disamba na wannan shekarar Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka mai suna "Kowane Ɗalibi Ya Yi Nasara". Ta bar jarrabawar shekara-shekara, ta bar bayyana sakamakon kowane rukuni, amma ta soke wa'adin nan na kowa ya ci, ta mayar wa jihohi ikon shirya yadda za a gyara makarantun da suka kasa, ta kuma hana Gwamnatin Tarayya tilasta hanyar auna malamai. Wasu sun yi maraba, wasu kuwa suna fargabar kada jihohi su koma ɓoye 'ya'yan talakawa kamar da.

Wani masanin Amurka, Donald Campbell, ya yi gargaɗi tun cikin shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su lanƙwasa shi har ya daina faɗin gaskiya. Tarihin dokar 2002 ya gaskata shi. Jarrabawa ta yi amfani wajen nuna inda ciwo yake, ta yi ɓarna sa'ad da aka mai da ita bulala. Saboda haka uban da ɗansa ya kawo masa takardar sakamako, ya karɓa ya duba da kyau, sa'an nan ya miƙa wa yaron littafi ya ce ya karanta masa shafi guda da babbar murya.